Amfanin Sharhi a Kan Hoto Tsakanin Masu Ɗaukar Hoto Don Sha'awa

Sharhin hoto shi ne mai ɗaukar hoto ya ajiye aikinsa a gaban wasu masu ido, su dube shi da natsuwa, su faɗa masa abin da suka gani, inda ya dace da inda ya kauce, tare da dalili. Al'adar ta fi ƙarfi a tsakanin masu ɗaukar hoto don sha'awa, waɗanda ba da kyamara suke ci ba: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗalibi, ɗan kasuwa. Ƙwararren da ke aiki da jarida yana da edita a kansa mai iya watsar da hoto, mai situdiyo kuma yana da kwastoman da zai ƙi biya idan aiki bai yi ba. Mai sha'awa ba shi da ko ɗaya. Masu ganin hotonsa 'yan gida ne da abokai, amsarsu kuma sananniya ce: "Ma sha Allah, ya yi kyau." Da zuciya ɗaya suke faɗa, amma so hana ganin laifi ne, kuma mutum yana iya shekara goma yana jin wannan yabo hotonsa bai gusa daga inda yake ba.

Al'adar ta kusa kai hoton kansa tsufa. A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar Louis Daguerre a Faransa, a 1853 kuma aka kafa Ƙungiyar Masu Ɗaukar Hoto ta Landan, wadda daga 1894 ta koma ƙungiyar sarauta ta Birtaniya, kuma tana nan har yau. Mambobinta na farko yawancinsu masu hali ne da ke da lokacin gwaje-gwajen sinadarai, suna haɗuwa su nuna wa juna abin da suka wanke. Abin ya buɗe wa kowa a 1888, lokacin da George Eastman na Amurka ya fitar da kyamarar Kodak mai ɗauke da fim na hoto 100. Mutum ya ɗauka ya ƙare, ya aika da kyamarar kamfani a birnin Rochester, a wanke masa, a sake cika ta a dawo da ita. A 1900 aka fitar da Brownie a kan dala 1. Daga nan danna maɓalli ya zama abin da yaro ma zai iya, sai tambayar ta koma wata: cikin dubban hotunan nan, wanne ne ya amsa sunansa, kuma me ya sa? Kulob-kulob na masu kyamara da suka bazu a garuruwan Turai da Amurka wannan tambayar suke taruwa su amsa, galibi da yamma, a wani zaure da aka ara, da hotuna jingine a gaban fitila.

Waɗanda ke zaune nesa da gari suka ɓullo da wata dabara. A Birtaniya, tun farkon shekarun 1930, akwai da'irori na masu musayar hotuna ta gidan waya. Akwati guda ne yake zagayawa daga mamba zuwa mamba. Wanda ya iso gare shi zai buɗe, ya duba hoton kowa, ya rubuta ra'ayinsa a takardar da ke tare da kowane hoto, ya ba da maki, ya cire tsohon hotonsa da ya gama zagaye, ya saka sabo, ya aika wa na gaba. Sai bayan watanni mutum zai ga abin da aka ce a kan aikinsa. Tsarin yana da ƙa'ida mai kyau wadda har yanzu ita ce ginshiƙin kowace ƙungiyar sharhi mai rai: ba mai karɓar ra'ayin wasu sai ya ba da nasa.

Babban dalilin da ya sa ake bukatar idon wani shi ne, mai ɗaukar hoto ba ya iya ganin hotonsa yadda yake. Yana wurin lokacin da abin ya faru. Ya ji ƙarar, ya shaƙi ƙurar, ya san wahalar da ya sha kafin ya samu wurin tsayawa, kuma duk sa'ad da ya kalli hoton, waɗannan abubuwa suna dawo masa su cike giɓin da ke ciki. Baƙon ido ba shi da komai sai abin da ke tsakanin kusurwoyi huɗu. Ƙari a kan haka, idon ɗan Adam yana zaɓe: yana manne wa abin da zuciya ta so, ya share sauran. Kyamara ba ta share komai. Turken lantarkin da ke bayan amarya, wanda mai hoto bai ko lura da shi ba, zai fito kamar daga ɗankwalinta ya tsiro. Aikin sharhi na farko shi ne auna tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya yi nufin nunawa da abin da hoton ya nuna a zahiri.

A ɗauki misalin wanda ya je kallon Hawan Daushe a Kano ya dawo da hoton wani mahayi. Abin da yake tunawa shi ne dokin da ya taho a sukwane, da ƙarar bindigogin 'yan bindiga, da algaita, da ƙasar da ke rawa a ƙarƙashin ƙafa. Abin da ke cikin hoton kuwa daban ne. Mahayin ya fito ɗan ƙarami a tsakiya, kashi ɗaya cikin uku na hoton ƙeyar 'yan kallo ce, an yanke kofaton gaba na dokin, akwai jar lema a kusurwar dama wadda ita ido ke fara faɗawa a kai, fuskar mahayin kuma ta nutse a inuwar rawani har ba a ganin idanunsa. Mai sharhin kirki zai fara da faɗin haka dalla-dalla, sannan ya tambaya: gudun dokin ake son nunawa, ko adon mahayin, ko cikar taron? Amsar ce ke tsara shawara. Idan ado ne, sai a matsa kusa ko a jawo da dogon gilashi, a jira lokacin da mahayin ya juyo wajen haske, a sa kyamara ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa don komai ya tsaya cak. Idan gudu ne, sai a yi akasin haka: a rage saurin zuwa kamar ɗaya bisa 30, a bi dokin da kyamara yayin da yake wucewa, taron baya ya zama zane-zanen launi, dokin ya fito a tsakiyarsu. Idan cikar taro ce, to tun farko bene ko wani tudu ya kamata a nema. Hoto ɗaya ne, gyara uku mabambanta, kuma wanda bai tambayi niyya ba zai iya ba da shawarar da ba ita ake bukata ba.

Daga wannan misali za a ga cewa sharhi ba hoton da ke kan tebur yake yi wa aiki ba. Hawan ya wuce, dokin ba zai dawo ya sake gudu ba. Abin da za a iya yi wa wannan hoton kaɗan ne: a datse gefe a fitar da lemar, a ɗan haska fuskar a kwamfuta. Ribar tana ga hoto na gaba, ranar da mutumin zai ɗaga kyamara ya ji idonsa da kansa ya zagaya kusurwoyi huɗu kafin yatsa ya danna.

Malaman fasaha sun tsara yadda ake bi. Edmund Feldman, malami a Jami'ar Jojiya ta Amurka, ya shahara da matakai huɗu da ya shimfiɗa wajen 1970: a bayyana abin da ake gani, a duba yadda sassan suka haɗu, a fassara ma'ana, sannan a yanke hukunci. Terry Barrett na Jami'ar Jihar Ohayo ya rubuta littafi a 1990 musamman a kan nazarin hotuna, wanda ake koyarwa da shi har yanzu. Hikimar tsarin tana cikin jinkirta hukunci. Yawancin mutane da hukunci suke farawa, da shi kuma suke ƙarewa: ya yi, ko bai yi ba. Amma matakin farko, wanda ake rainawa, sau da yawa shi kaɗai ya wadatar. Idan mutum biyar suka ce abin da suka fara gani jar lema ce, mai hoton ya riga ya gane matsalarsa ba tare da kowa ya ce masa ya yi kuskure ba.

Mai ba da sharhi ma yana ƙaruwa, wani lokaci fiye da mai karɓa. Cewa hoto ya burge mutum abu ne mai sauƙi. Faɗin abin da ya sa ya burge shi yana tilasta masa ya duba daga ina haske ya shigo, me aka bari a waje, ina ido ya fara sauka kuma ina ya bi. Wanda ya saba yi wa hotunan wasu wannan tambaya, ba ya daɗewa sai ya fara yi wa nasa. Shi ya sa ɗan koyo na wata biyu ma yana da abin cewa. Ba zai iya bayanin na'urar auna haske ba, amma yana iya faɗin gaskiyar abin da idonsa ya gani, kuma irin idonsa ne mafi yawan masu kallon hoto suke da shi.

Akwai kuma batun zaɓe, wanda masu sha'awa suka fi rauni a kai. A zamanin fim, ana jera dukan hotuna 36 na naɗi guda ƙanana-ƙanana a kan takarda ɗaya, a bi su da gilashin ƙara girma da jan fensir ana kewaye wanda ya tsira. A Magnum, ƙungiyar ƙwararrun da Robert Capa da Henri Cartier-Bresson da George Rodger da David Seymour suka kafa a 1947, irin wannan takarda ake dubawa don a gane yadda mutum yake tunani, domin tana nuna yadda ya kusanci abin, inda ya yi gaggawa da inda ya yi haƙuri. An san Cartier-Bresson da juya hoto a kife yana kallo, don labarin da ke ciki kada ya ɗauke masa hankali daga tsarin layuka da inuwa. Yau da waya ke ɗaukar hoto ɗari biyu a wuni ɗaya na biki, matsalar ta ninka. Mutum yakan zaɓi hoton da ya fi ba shi wahala, abokan sharhi kuma sukan nuna masa wani da ya ɗauka a kan hanyar komawa gida bai ba shi muhimmanci ba.

Sai dai sharhi yana da haɗarinsa, kuma babba ne: mai da al'ada ta zama doka. Ƙa'idar da aka fi ji a bakin alƙalan kulob ita ce ta kashi uku, wato a raba hoto gida uku a tsaye da a kwance, a ajiye muhimmin abu inda layukan suka gamu. Wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta ta a 1797, fiye da shekara arba'in kafin a san hoto, kuma a kan zanen karkara yake magana. Tana taimaka wa ɗan koyo ya daina dasa komai a tsakiya, amma dubban hotuna masu kyau ba su bi ta ba. Abin da ake kira kyau ma yana canzawa. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, hoton da ake yabo a baje koli shi ne mai laushi, mai hazo-hazo, wanda ya yi kama da zanen hannu. A 1932 Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham da wasu suka haɗu a Kalifoniya suka kafa ƙungiyar f/64, suka ce hoto ya fito tar daga gaba har baya. Abin da ya ci kyauta jiya ya zama tsohon yayi.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na Robert Frank. Littafin hotunansa a kan Amurkawa ya fito a Faransa a 1958, a Amurka kuma a 1959, sai masu sharhi na mujallar Popular Photography suka yi masa ca, suna kukan hotunan dishi-dishi ne, masu tsaki-tsaki, a karkace, hasken bai daidaita ba. Duk abin da suka lissafa yana cikin hotunan. Abin da ba su tambaya ba shi ne ko da gangan ne, ko wannan rashin natsuwa shi ne ainihin abin da Frank ya gani a ƙasar. Yau ana lissafa littafin cikin mafi tasiri a tarihin hoto. Haka nan Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yakan zaunar da mace mai atamfa mai zane a gaban labule mai wani zanen daban. Alƙalin da ya haddace cewa bayan mutum dole ya zama fili zai ce hayaniya ta yi yawa, alhali wannan karon zane da zane shi ne abin da ya kai hotunan manyan gidajen tarihi na duniya. 

Kayan aikin ma ba su tsira daga son kai ba, kuma wannan ya shafi masu hoto a ƙasashen baƙar fata kai tsaye. Shekaru da dama, tun daga shekarun 1950, ɗakunan wanke hoto masu amfani da kayan Kodak suna daidaita launi ne da wani kati mai hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley. Fatarta ce ma'aunin daidai. Lorna Roth, malama a Jami'ar Concordia ta Kanada, ta nuna a bincikenta na 2009 cewa koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda launin hajarsu ba ya fita a talla, yana cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa. Sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Har yau na'urar auna haske ta kyamara tana ƙoƙarin mai da duk abin da ta gani matsakaicin ruwan toka ne. Idan dattijo ya tsaya da farar babbar riga da farin rawani a rana tsaka, farin zai cika idon na'urar, ta rage haske, fuskar ta zama dunƙulen duhu. Idan aka ƙara haske don fuskar, aikin allurar da ke ƙirjin rigar ya ƙone ya ɓace. Mai sharhin da ya san wannan yanayi ba zai tsaya ga cewa hoto ya yi duhu ba. Zai ce a shigar da dattijon bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe, ko a jira la'asar sakaliya, ko a tsayar da shi kusa da farin bango ya maido masa haske a fuska. Nan ne sharhin maƙwabci yakan fi na littafin da aka rubuta don hasken Turai amfani.

Wani aikin da sharhi yake yi shi ne tsare gaskiya. Tambayar "yaya aka yi aka samu wannan?" tana hana mutum sabawa da ƙarya tun yana ƙarami a sana'ar. Manyan gasa sun nuna inda rashinta ke kaiwa. Hoton kyarkeci yana tsallake shinge da ya ci babbar gasar hotunan namun daji ta Gidan Tarihin Halittu na Landan a 2009, an ƙwace masa kyautar a farkon 2010 bayan alƙalai sun gamsu cewa dabbar horarriya ce. A gasar hotunan jarida ta duniya ta 2015, an fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an ƙara ko an goge wani abu a cikinsu. Gyara a kwamfuta ba laifi ba ne a hoton ado. Laifin shi ne a nuna shi a matsayin abin da ya faru. Bayan gaskiya kuma akwai batun mutunci. Hoton mabaraci, ko almajiri yana barci a bakin titi, ko mace da ba ta san ana ɗaukarta ba, yana iya cika duk sharuɗɗan haske da tsari, amma daidai ne wani ya tambaya ko an nemi izini, kuma ko mai hoton zai yarda a nuna ɗansa a wannan hali.

Yadda ake faɗa yana da nauyi daidai da abin da ake faɗa. A kan hoton ake magana, ba a kan mutumin ba, kuma ba a kan kuɗin kyamararsa ba. Cewa "sayi babbar kyamara" ba ta koya wa kowa inda zai tsaya. Abu ɗaya ko biyu masu muhimmanci sun fi jerin aibu goma, domin ɗan koyon da aka zazzage wa goma yakan ajiye kyamarar gaba ɗaya. Yabo ma yana bukatar dalili kamar yadda suka take bukata, saboda wanda bai san abin da ya yi daidai ba, ba zai iya maimaita shi ba. Mai sharhi kuma ya rarrabe tsakanin kuskure da ɗanɗano: hannun da ya girgiza kuskure ne, son hoto mai launi a kan baƙi da fari ra'ayi ne, kuma ya kamata a faɗe shi a matsayin ra'ayi.

Mai karɓa shi ma yana da nasa aikin. Ya faɗi abin da ya yi nufi da abin da ke damunsa a hoton, sannan ya yi shiru ya saurara. Bayanin cewa wurin ya cika da jama'a ko rana ta yi zafi gaskiya ne, amma ba ya cikin hoton, kuma mai kallo na gobe ba zai ji shi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba dole ne ya bi kowace shawara ba. Abin da mutum ɗaya ya faɗa yana iya zama ɗanɗanonsa, abin da mutum huɗu da ba su haɗa baki ba suka faɗa kuwa ya cancanci a koma a duba. Bayan haka hukunci nasa ne, domin sunansa ne a kan hoton.

Irin wannan sharhi yana nan har a ƙungiyar sarauta ta masu ɗaukar hoto ta Birtaniya da aka ambata a farko, wadda har yanzu take ba da shaidar ƙwarewa mataki uku, kuma masu sha'awa da ƙwararru duk suna nema. A matakin farko ana gabatar da hotuna 10, a na biyu 15, a na ƙoli 20 ko fiye, kuma ana duba su ne a matsayin jeri guda, a ga ko sun yi magana da murya ɗaya. Kafin ranar hukunci, ƙungiyar takan shirya zaman ba da shawara inda mai nema zai baje hotunansa, har da na ajiya, masu tantancewa su faɗa masa wanda zai cire, wanda zai sake wankewa, da ko ya shirya ko ya ƙara shekara guda yana aiki.